Muryar Madam Rakiatu

Duk wanda ya yi aji ɗaya a firamaren da ke bayan masallacinmu a Zango, muryar Madam Rakiatu ce ta fara koya masa baƙi. Ni ina koyar da aji biyu, katako ne kawai ya raba ajina da nata, irin shara-sharan nan da ake sayowa a kasuwar katako ta Anloga. Shekara da shekaru ina fama da ita. In ta ɗaga murya ta ce "A!" har 'yan ajina sai sun amsa. Na sha leƙawa in ce mata ta rage, masu sayar da koko a bakin titi ma sun haddace darasin. Sai ta ce ai gara, su ma su ƙaru.

Mace ce mai tsabta har ta wuce misali. Yaro bai isa ya taɓa littafinta da man ƙosai a hannu ba.

Da wata ƙungiya ta kawo mana tabilet don koyon karatu, ita ce ta fi kowa tsanar su. Muryar wata Baturiya ce a ciki, tana magana ta hanci, yaranmu da suka tashi da Hausa da Twi sai su zuba wa abin ido kawai.

"Wannan mata ba ya san yaranmu ba kuraa, ko kaɗan," in ji Madam. Ta tura su cikin kabad ta kulle.

Sai maƙogwaronta ya fara ciwo. Muka ce alli ne, muka ce ihu ne, aka sha zuma da citta har aka gaji. Daga baya likita ya ce sai an yi aiki, kuma ya faɗa mata gaskiya: rai zai tsira in Allah ya so, amma murya ba za ta dawo ba.

Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Kabad ɗin ta buɗe. Ta sa 'yarta Faridatu ta nuna mata inda ake danna ɗaukar murya, ta shafe hutun nan gaba ɗaya a aji ita kaɗai, da kofin ruwan ɗumi a gefe. Ta ɗauki kowane harafi da misalinsa na gida: b na bokiti, t na trotro motar haya, w na waakye shinkafa da wake. Ta ɗauki waƙar ƙirga, ta ɗauki tatsuniyoyi, har faɗan da take yi wa mai surutu ta saka, wai kada su sangarce. In na leƙo ajina ina jin ta ta katako, murya tana dusashewa tana komawa farko. Faridatu ta tura wa sauran tabilet ɗin duka. Makarantarmu ba ta da intanet, don haka babu wani wuri da aka ajiye abin sai cikinsu.

Ana gobe za a kwantar da ita, ta duba su ta ga gilas duk shatin yatsu, ƙura ta toshe ramukan lasifika. Ranta bai so ta bar wa yara su haka ba. Ta zuba su a jaka ta kai wa Boukari, mai gyaran waya a bakin kasuwa, mutumin kirki wanda 'ya'yansa ma a hannunta suka yi karatu. Da ɗan raɗan da ya rage mata ta ce, "Ka wanke min su tas."

A bakin masu gyaran waya, wanke waya shi ne share duk abin da ke cikinta. Madam ba ta san haka ba. Boukari kuma bai san akwai wani wankin ba. Ya yi aikinsa tsakani da Allah, bai ma karɓi komai ba.

Ranar da ta dawo, da gyale naɗe a wuya, ta zaunar da yara ta raba musu tabilet, tana murmushi. Ta ɗaga yatsa, suka danna. Baturiyar nan ce ta gaishe su. Madam ta karɓi ɗaya ta duba, ta karɓi wani, ta bi su duka. Sannan ta zauna a kujerar yara.

Aka kira Boukari. Da ya gane abin da ya faru sai ya durƙusa a ƙofar aji.

"Madam, wallahi kin ce in wanke shi. Na wanke duka, komai bai rage ba."

Ta gyaɗa kai. Ita ce ma ta kama hannunsa ta tashe shi. Ni kam na kasa, na yi wata guda ba na amsa gaisuwarsa, alhali na san ba shi da laifi. Haushi ne ya rasa inda zai sauka.

Boukari ya kai tabilet ɗin har wurin manyan masu gyara a Adum, ba a samo ko harafi ɗaya ba.

Har yau tana zuwa aiki. Tana rubutu a allo, tana tafa hannu, Faridatu tana furta mata sautin. Bana aka kawo sababbin yara. Wata 'yar ƙarama ta ja ni gefe lokacin tara, ta rage murya don kada Madam ta ji.

"Ticha, Madam ɗin nan, haka aka haife shi ba ya magana?"