Kira Uku da Na Kashe a Wayar Baba

A shekarar da aka janye tallafin man fetur, ƙasa duka ta tafi yajin aiki, ina aji shida na firamare. Na tuna safiyar da muka dawo daga makarantar allo muka tarar da babban titin Lafia wayam, ba tirela ba ɗan acaɓa, har yara suka kafa duwatsu a tsakiyar kwalta suna buga ƙwallo. An rufe kasuwa, an rufe makarantun boko. Mu dai murna muke yi. Da mun cika randuna daga rijiya, mun yanko wa awaki ganye, sai mu fice wasan langa har rana ta take. Mutum ɗaya ce a gidanmu ba ta murna, ita ce Yaya Habiba. Tana neman shiga makarantar koyon aikin jinya, fom ɗin kuwa ta intanet ake cikewa, saura kwana biyu a rufe, ga shagunan intanet duka a garƙame saboda ba wuta, ba man janareta.

Mahaifinmu, Malam Idi, fataucin doya da riɗi yake yi. Tsakar gidanmu ba ya rabuwa da tulin doya lulluɓe da ciyawa a gindin mangwaro, da buhunan riɗi a jingine a zaure. Wayarsa ita ce rabin sana'arsa. Kullum tana aljihun gaba na rigarsa, ba mai taɓa ta. A duk gidan kuma ita kaɗai ce ke da ramin da ake soka igiyar kwamfuta. Wannan ne maƙwabcinmu Malam Danjuma ya lura da shi. Malamin lissafi ne, ɗan ƙabilar Eggon, yana da ƙaramar kwamfuta da yake ɗauka a jaka. Ya ce wa Baba ai wayar nan za ta iya zama modem, wato ita za ta jawo intanet ta zuba wa kwamfuta ta cikin igiya, kamar yadda guga ke jawo ruwa. Baba ya juya wayar a hannu, ya duba gaba ya duba baya, ya ce ikon Allah.

Malam Danjuma zai bar mana kwamfutar ya tafi ƙauyensu da keke a ranar, don haka ya zaunar da ni a dakali ya karanto mini matakan ɗaya bayan ɗaya. A lokacin hannuna ya fi sauri a ajami, sai na ɗauko alƙalamin kara da tawada na rubuta a bayan wata tsohuwar kalanda: a soka igiya, a jira kwamfuta ta gane wayar, a buɗe wurin kira, a rubuta tauraro, tara, tara, da alamar nan mai kama da tsani. Ya leƙo takardar ya yi dariya, ya ce bai taɓa ganin an koyi kwamfuta daga dama zuwa hagu ba. Sannan ya ja mini kunne da irin Hausarsa: "Batirin kwamfuta awa biyu ne kawai. Kuma in kira ya shigo, kar ka ɗauka. In ka ɗauka, intanet zai yanke, aiki zai koma farko."

Washegari bayan azahar Baba ya sa kati, ya miƙo mini wayar da hannu biyu zai tafi ta'aziyya. Shi ma ya yi nasa gargaɗin: "Wayar nan amanar mutane ce. Duk wanda ya kira, ka ɗauka, ka ji me yake so." Na ce to. Ban tsaya na lura cewa maganar manyan biyu ta yi karo ba.

Sabis bai cika shiga ɗakunanmu ba, sai muka kifa turmi a bakin tagar ɗakin Inna muka ɗora wayar a kai, kwamfuta kuma a kan tabarma. Ina karanto ajamina, Yaya tana dannawa. Da wasu ƙananan talabijin biyu suka fara ƙyaftawa a kusurwar allon, ta ce alhamdu lillahi har sau uku. Kowane shafi sai mun jira shi kamar dahuwar wake. Suna, ranar haihuwa, ƙaramar hukuma, sakamakon jarrabawa, duk suka shiga. Ya rage hoton fasfo, shi ne mai nauyi. Wani koren layi ya fara rarrafe, batiri kuma ya yi ƙasa sosai. Inna ta kira Yaya ta zo ta tuƙa tuwo, ta tashi ta bar ni da gadi, ta ce ko ƙuda kada in bari ya sauka a kan wayar.

Layin ya wuce rabi sai wayar ta fara ruri a kan turmi. Baƙuwar lamba ce. Koren layin ya tsaya cak. Na tuna maganar Baba, na tuna ta Malam Danjuma, na dubi batiri, na danna jan maɓalli. Layin ya ci gaba. Aka sake kira, na sake kashewa. Aka kira na uku, na kashe tun kafin ta gama rurin farko. Jim kaɗan hoton Yaya ya bayyana da farin hijabinta, fom ya shiga, ba a yi minti biyar ba kwamfutar ta mutu. Kafin Baba ya dawo na shiga wurin kiraye-kiraye na goge lambar, don kada a yi mini faɗa. Da ya tambaya ko an kira, na ce a'a.

Wanda ya kira Jauro Bello ne, Bafulatanin da ke zaune da iyalinsa a wajen Agyaragu. Shi ke kiwon shanun Baba guda biyu tun kafin a haife ni. Duk ranar kasuwa yakan biyo ta gidanmu da ƙwaryar kindirmo, su zauna da Baba a zaure su ci doya da manja. A ranar nan shanunsa suka kuɓuce wa masu kiwo suka faɗa gonar rogon wani manomi. Mutanen ƙauyen suka tsare garken. Mai gonar kuwa abokin cinikin Baba ne na shekaru, da Baba ya sa baki da an sasanta da sauƙi. Jauro ba shi da waya, aron ta wani ya yi, lambar Baba kuma a ka ya haddace ta. Da bai samu kowa ba, sai da ya bar musu bijimi sannan aka saki sauran.

Bayan an janye yajin aiki ya zo gidanmu, ba ƙwarya a hannunsa. Ina bayan buhunan riɗi ina jin su. Ya ce, "Malam, da ba a ɗauka ba ne, sai in ce ba ka kusa. Amma kashewa aka yi, har sau uku. Mai wayar ya ce mini wannan ƙarar ta wanda ya gani ya ƙi ce." Baba ya buɗe wayar ya nuna masa, babu komai. Ya rantse da Allah kira bai shigo ba. Ya ɗaga murya ya tambaye ni, na fito na sake cewa ba a kira ba. Jauro ya dubi ƙasa, ya ɗauki sandarsa. Mako guda bayan haka aka koro mana shanunmu biyu har ƙofar gida. Ba su yi faɗa ba. In sun haɗu a kasuwa suna gaisawa, amma bai ƙara zama a zaurenmu ba. Baba ya sha cewa, "Ban san abin da na yi wa Jauro ba."

Yaya ta samu makaranta, yau ma'aikaciyar jinya ce. Ni kuwa na yi ta ɗaga maganar, daga bayan salla zuwa bayan jarrabawa, har Allah ya karɓi ran Baba ban faɗa masa ba. Bayan sadakar arba'in na hau babur na nufi Agyaragu. Na tarar da Jauro ya tsufa, yana zaune a inuwa yana tufka igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, kiran nan uku, ni na kashe. Ni na goge. Baba bai taɓa sani ba." Na ba shi labarin turmi da hoton fasfo, ban rage komai ba. Na ce zan biya bijimin.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Ashe Malam bai yi mini ƙarya ba." Ya ajiye igiyar. "Bar maganar bijimi, Hamisu, an ci an manta. Kai yaro ne a lokacin, na yafe maka. Ni ne babba, mutum ya rantse mini da Allah na ƙi yarda." Ya sa aka kawo mini nono, ya tsaya sai da na shanye. Da na tashi tafiya ya ɗauko hularsa ya ce in goya shi, in nuna masa inda aka kwantar da abokinsa. Muka je, ya tsaya ya yi addu'a mai tsawo da Fulatanci, ni ina gefe ina cewa amin.

Yanzu 'ya'yan Yaya sukan kunna intanet a wayata su haɗa da kwamfuta ba tare da igiya ba, daga kowane ɗaki suka ga dama. Kira na shigowa, in ɗauka in gama magana, aikinsu bai tsaya ba. Ba wanda zai sake tsayawa tsakanin koren layi da muryar mutum kamar yadda na tsaya, kuma na gode wa Allah da haka. Sai dai duk sauƙin nan, babu wayar da za ta kai wa Baba maganar da na riƙe. Allah ya jiƙansa, ya sa ya yafe mini.