Tsakuwa a Injin Busar da Kaya

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ina ninke zannuwa a ɗakin wanki na gidanmu a Lanham, nan Amurka, na ji wani abu yana dukan cikin injin busar da kaya. Na tsayar da shi, na laluba, sai ga tsakuwa fara, sumul, ta faɗo daga aljihun rigar autata. Ban tambayi kowa ba, na san bakin ruwan da ta fito.

Satin da ya wuce muka dawo daga yawon jirgin ruwa. Maigida ne ya shirya tafiyar saboda mahaifiyarsa da ta zo mana daga Kano. Tun da muka tashi daga Baltimore jiri ya kama Hajiya. Ba ta yi ƙorafi ba, sai dai bayan kowace salla ta ce, "Allah ka nuna mini goshina a ƙasar da ba ta rawa."

Wata safiya muka iso wani ɗan gari na masunta. Ruwan gaɓarsa ba shi da zurfi, don haka jirgin ya tsaya can nesa, aka sauke ƙananan jirage suna jigilar mutane. Hajiya ta riga kowa shiri, har da dardumarta a hammata.

A ƙasan jirgin akwai ƙofa da ɗan dandamali. Ƙaramin jirgin yana hawa yana sauka, tsakaninsu rata, ruwa baƙi ƙirin. Ma'aikata biyu ke tsaye, kowa ya zo su kama damtsensa su jira igiyar ruwa ta ɗago jirgin, sannan su ce taka. Maigida ya tsallaka da yara. Da aka zo kan Hajiya, ma'aikacin ya miƙo hannu, ita kuwa ta mayar da nata cikin hijabi. Namijin da ba muharrami ba, ina! Maigida ya miƙo nasa daga cikin ƙaramin jirgin.

"Hajiya, kamo ni mana."

Ta kawar da kai. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta rungume shi a bainar jama'a.

Sai ta waiwayo ta dube ni.

Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba. Yanzu ga shi in za ta tsallaka dole sai na zagaya hannu a ƙugunta, ƙirjina a bayanta. Jikina ya yi abin da ya saba: na sunkuyar da kai. Layi ya taru a bayanmu, wani tsoho mai hular kaba yana gyaran murya.

"Ku je, 'yar nan," in ji ta. "Dama ƙafar ce ke damuna."

Ƙafarta lafiya lau. Ta juya, ni kuma na taka, ina ce wa raina zan dawo in ɗauke ta in mutane sun ragu. Kafin azahar iska ta taso, aka daina kai kowa gaɓa, sai dawo da waɗanda suka fita. Na yi sallata bayan wani shagon kifi, a ƙasa mai tauri, goshina kamar a kan garwashi.

Har yau Hajiya ba ta ta da zancen ba. Da ma faɗa ta yi mini.

Ina tsaye da tsakuwar a hannu autar ta leƙo. Ita da kullum Turanci take mayar mini, ranar da Hausarta mai tsinke-tsinke ta yi magana.

"Mama, kar ki yar, ta Kaka ce. Ba ki kai ta garin ba, shi ne ni na kawo mata kaɗan."