Maƙwabciyata 'Yar Sirilanka

Shekarun baya, ina amarya ɗanya shakaf, aka tura maigidana koyarwa a wata makarantar kwana da ke ƙasar Kiru. Aka ba mu gida a kwatas ɗin malamai, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Katanga ɗaya ce ta raba mu da wani malamin lissafi da matarsa. Kowa Indiyawa yake ce musu, ita kuwa matar kullum sai ta gyara da Hausarta mai karkacewa: "Ba Indiya ba, Sirilanka." A lokacin ban ma san akwai wata ƙasa mai wannan suna ba.

Ta girme ni nesa ba kusa ba, don haka Anti nake ce mata. Ita kuma Amarya take kirana, har bayan na haihu. Abinci ne ya haɗa mu. Ni da nake cika baki cewa ba wanda ya kai ni cin yaji, ranar da na ɗanɗana miyarta sai da na shanye rabin buta ina hawaye, tana ta dariya. Na rama da koya mata tuƙa tuwon masara, wanda har muka rabu bai daina yi mata gudaji ba.

Ranar da na fara shiga ɗakinta na ga wani ɗan mutum-mutumi a kan wata 'yar kanta, yana zaune ya tanƙwashe ƙafa, idanunsa a lumshe. A gabansa akwai furanni da 'yar fitilar mai. Na ja da baya ina salati.

"Anti, wannan ne Allahnku?"

"A'a, Amarya. Malam ne. Mutum ne kamar mu, ya mutu tun da daɗewa. Buddha ake ce masa."

"To furannin fa?"

"Da safe suna da kyau, kafin yamma sun yi yaushi. Ina ajiye su ne don in tuna ni ma haka nake."

Na gaya wa maigidana, ina tsammanin zai hana ni shiga. Ya ce, "Ke da addininki, ita da nata. Haƙƙin maƙwabtaka dai yana wuyanki." Wasu matan kwatas sun yi ta ƙananan maganganu, amma ban fasa ba.

A wajen tsintar shinkafa Anti ta ba ni labarin Buddha, kaɗan-kaɗan. Ta ce ɗan sarki ne a can ƙasashensu, ubansa ya killace shi a fada don kada ya ga wani abin baƙin ciki. Da ya girma ya fita gari, ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa. Aka ce masa kowa sai ya bi ta nan, har shi. Sai ya bar sarauta ya shiga daji neman dalilin wahalar ɗan Adam, har ya zauna a gindin wata bishiya ya samu amsarsa. Ta ce abin da ya koyar shi ne komai mai wucewa ne, kuma ƙanƙame abin da ba zai zauna ba shi ke ƙona zuciya. Ba ta ƙarya, ba ta shan giya, ko tururuwa ba ta kashewa. Duk ranar da wata ya cika sai ta sa fararen kaya, ta zauna shiru tana bin numfashinta. Ni dai ina saurare ne kamar tatsuniya. Ita ma ba ta taɓa cewa in bi ta ba. In ta ji kiran salla ma, ita ke cewa, "Tashi, Amarya, ba ni yaron."

Yaron nan shi ne ɗana na fari. Ya fara tafiya ke nan ƙyanda ta shigo kwatas. Yara da yawa sun kwanta sun tashi, nawa bai tashi ba.

An yi zaman makoki an watse, ni ban dawo daidai ba. Ba na ci, ba na magana. Kullum sai in kwaso kayansa in wanke in shanya, gobe in sake. Maigidana ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya rasa yadda zai yi da ni. Anti kuwa kowace hantsi sai ta shigo, ta cire takalmi, ta zauna kusa da ni.

Wata rana ta same ni a bakin baho, ta tsuguna ta taya ni matse kayan. Can ta ce, "Amarya, a zamanin malaminmu an yi wata mace, ɗanta ya mutu. Ta ƙi yarda. Ta rungume shi tana bi gida-gida neman magani. Aka kai ta wurin malamin. Ya ce zai taimake ta, amma ta samo masa 'yan ƙwayoyi, kamar na riɗi, daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Ta shiga gari da murna. Kowane gida akwai riɗi. Amma duk inda ta tambaya, sai a ce mata uba ya tafi, ko miji, ko ɗa. Kafin rana ta faɗi ta je ta yi wa ɗanta sutura."

Na ji ta, amma maganar ba ta shige ni ba. Ko kai ban ɗaga ba. Bayan 'yan kwanaki mahaifiyata ta zo ta tafi da ni gida Doguwa, wai ko canjin wuri zai taimaka.

A can ne mata suka yi ta zuwa yi mini gaisuwa. Gwaggona ta ce, "Huɗu na binne kafin ɗaya ya tsaya." Wata Bafulatana da ke kawo mana nono ta ce nata a bayanta ya cika, tana tafe ba ta sani ba. Har mahaifiyata, wadda na ɗauka na san komai nata, ta ce akwai wani da ta binne kafin ni. Matan nan da na tashi ina gani suna daka suna raha, ashe kowacce da nata kabarin. Ranar na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar, na ci tuwo, na ba da kayan yaron sadaka.

Na ƙosa in koma in ce mata, "Anti, na zaga gidajen, ban samo riɗin ba." Har zuma na saya mata tsaraba. Amma damina ta tsare ni, hanya ta lalace, mahaifiyata kuma ta ce in ƙara murmurewa. Da na koma sai na tarar da ƙofarsu da kwaɗo. Kwangilar mijin ta ƙare, sun koma ƙasarsu. Maigidana ya ce ta yi ta tambayar yaushe zan dawo. A bakinsa kuma na ji abin da mijinta ya taɓa gaya masa: 'yarsu ɗaya tilo ta rasu kafin su zo Nijeriya. Duk zaman da muka yi ba ta taɓa faɗa mini ba.

Yau na yi jikoki. Har yanzu ina kan addinina, kuma da shi na samu haƙuri. Amma ba zan ɓoye ba, wadda ta fara nuna mini ƙofar haƙurin ba Musulma ba ce, kuma ta tafi tana zaton maganarta ta faɗi ƙasa. Wannan ne ke ci mini rai. 'Yata ta gwada nemo ta a waya, amma ina, ko cikakken sunanta ban riƙe ba.

Na taɓa tambayar wani malami ko ya halatta in yi mata addu'a. Ya ce muddin tana raye, in roƙa mata shiriya da lafiya. Idan tana nan, yanzu ta tsufa tukuf. Ba wanda ya zo ya ce mini ta mutu, don haka a wurina tana raye, kuma ina roƙa mata.