Takin Yaya, Ruwan Auta

Shekara goma sha bakwai mai lambun nan yana aiki a gidan, ba wanda ya taɓa yaba ciyawarsa. Ita ciyawa ai takawa ake yi. Da maigida ya gina tafkin ninkaya a bayan gida, shi mai lambun da bakinsa ya ce yana da ƙane, autansu, 'ya'ya huɗu ba aikin yi. Aka ɗauki Auta.

To, ruwa akwai ɗaukar ido. Kafin wata uku an ba Auta sabuwar riga da mabuɗin ɗakin inji. Baƙi su ratso ta kan ciyawar Yaya mai lambu, su tsaya bakin tafki suna cewa, "Kai, kamar madubi!"

"Yaya, ɗan riƙe min ragar nan in duba inji."

"Ni na goya ka, yau ni ne ɗan riƙon raga? Sannu, sarkin ruwa."

Ana nan sai ruwan ya yi dishi-dishi kamar na wanki, ya koma kore, gansakuka ta bi bango tana santsi. Auta ya goge da buroshi, ya ƙara maganin kulorin, ya wanke matatar inji. Kwana uku garau, na huɗu kore. Maigida ya ce, "Zuwa Asabar. In bai washe ba, ka ajiye mabuɗin."

Yaya kuwa ya san kan zancen. Duk ranar da ya watsa taki a gangaren ciyawa ya bi da tiyo, rarar ruwan sai ta sulale cikin tafki. Abin da ke ƙosar da ciyawa shi ke ƙosar da gansakuka. Ba da gangan ya fara ba. Amma da ya gane, bai daina ba, har abinci ya fi yi masa daɗi a makon.

Ranar Alhamis ya tarar da Auta zaune a kan bokiti, hannuwa duk sun saɓule.

"Yaya, kunyarka nake ji wallahi. Kai ka tsaya min a gidan nan."

Da zagi ne da ya fi sauƙi. Yaya ya ɗauko fartanya, ya tsaga kwata a tsakiyar ciyawar da ya fi ji da ita, ya karkatar da ruwan waje.

"Me kake yi haka?"

"Ina ruwanka? Zuba alam, ka bari dattin ya kwanta, gobe ka zuƙe. Sai an koya maka komai?"

Asabar ruwa ya washe, har ana ƙirga tayil ɗin ƙasa. Maigida ya dafa kafaɗar Auta yana sa masa albarka, sannan ya waiwayo.

"Kai kuma, wace ɓarna ce wannan a ciyawa?"

"Za ta tofo, ranka ya daɗe."

Auta ya wuce, mabuɗi na lilo a ƙugunsa. Yaya ya bi shi da harara, ya ja buhun takinsa can nesa da tafkin.