Lallen Inna da Hayaƙin Jan Bulo

Da muka sauka Tudun Wada ba mu da kowa. Lokacin Nasara bai daɗe da zuwa ba, unguwar ma bukkoki ce da darni, duk baƙi irinmu. Abin da Inna, mahaifiyata, ta taho da shi daga garinsu reshen lalle ne guda, da ta yanko a bayan ɗakin uwarta, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Uwar ta rasu, gidan ya watse. Reshen nan kaɗai ya rage mata.

Ya kuwa kama. Kai, da ka taɓa shi gara ka taɓa ni! Alwala ma a gindinsa take yi.

Sai aka zo aka kafa wurin gasa jan bulo a bayan darninmu, don gine-ginen Nasara. Wuta ba dare ba rana. Hayaƙin ya kwanto mana tsakar gida, mu yi ta tari, mu ci tuwo da shi. Ba a jima ba lalle ya sauya. Ganyen ya langaɓe ƙasa kamar kunnen akuya. Sabon toho ya daina miƙewa, sai ya tsaya gajere, ya kumbura, ya karkace. Furen ya zube tun bai buɗe ba.

Matan maƙwabta suka ce baki ne, an cika yabonsa. Inna ta yarda, to ya za ta yi? Yadda take mana in mun kwanta ciwo, haka ta yi masa. Kullum da la'asar ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa saiwoyi da ƙaro, ta ajiye a gindinsa, har ta lulluɓe shi da tsohon zane don kada turaren ya tsere. Tana fifita tana cewa, "Sannu, sannu." Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Matan nan masu shegen sani, ba wadda ta ɗaga kai ta dubi bayan darni!

Ganye ya yi ta zuba. Ta ƙara turare.

Lallen ya riga ya zama tsinke zalla ranar da wata tsohuwa mai tallan alayyafo ta shigo, mijinta na da lambu a bakin rafi. Ta dube shi ta ce, "Hayaƙin nan ne, 'yar nan. Wakenmu na kusa da wutar haka ya yi, na nesa kuwa lafiya lau. Shuka ba ta son hayaƙi." Sai idonta ya kai kan kaskon turaren.

Inna ta daɗe a tsugune. Can ta ce, "Ashe ni na ƙarasa shi."

Na ce, "Inna, ba ke ba ce, wutar bulo ce." Ko kallona ba ta yi ba.

Ta rayu har ta goyi jikoki. Ta yi wa amaren unguwa ƙunshi da lallen kasuwa ba iyaka, amma tata ƙafar ba ta ƙara ganin lalle ba har muka kai ta makwancinta.