Anti Abigel Mai Rakiya

Duk wanda ya saba shiga jirgin ƙasa mai lamba shida a tashar Parkchester da sassafe ya san ta, ko da bai san sunanta ba: wata gajeriyar mata mai jar jaka da takalmin masu aiki a tsaye. Abigel Shamshon ke nan, 'yar Wusasa ta Zariya, mai raba abinci a wata makarantar sakandare a Bronx. Tana isa za ta rufe gashinta, ta jera madara da tuffa, ta tsaya bayan tukwane da ludayi a hannu. Yaran da ke jin Hausa, na Nijar da na Gana da na Najeriya, sun san a layinta ake samun ƙarin shinkafa, a nan kuma ake shan faɗa. A ƙarshen wannan zango za ta ajiye ludayin.

Kada mai karatu ya zaci za a ce masa ta san doka. Ba ta sani ba, kuma ita ce za ta fara gaya maka haka. Maganar shiga kwalejin yaran da ba su da takardun zama ta rikita kowa. Direban tasi ya ce an hana, tela a titi na 116 ya ce an bari, saƙon waya ya ce an bari jiya an hana yau. Idan ɗalibi ya kawo mata tambaya, amsarta ɗaya ce: "Ban sani ba, ɗana. Ci abincinka, mu je mu tambaya." A gidansu, in ji ta, ba a nuna wa baƙo hanya da yatsa, taka masa ake yi. Da wannan rakiya ta san ofisoshin birnin nan, har da waɗanda ta shiga bisa kuskure, kuma suna da yawa.

Labarin da aka fi bayarwa a kanta shi ne na Raudatu. A goye aka zo da ita daga Maraɗi, ba ta da takarda. Ƙanwarta Ikram a nan aka haife ta, tana da komai. Raudatu ta kai ajin ƙarshe da sakamako mai kyau, sai malamar da ke ba ɗalibai shawara ta ce mata dokar jiha ta ba irinta damar shiga kwaleji, amma a zo da uwa a zauna kafin a rufe karɓar takardun neman shiga. Aka kira uwar, Habsatou mai kitso, aka kira Anti Abigel ta yi tafinta.

Malamar ta yi ta yabon yarinyar. Habsatou ta kafa wa bango ido, ko murmushi babu. Da aka tambaye ta ko tana so 'yarta ta ci gaba da karatu, sai ta ce, "Waccan? Ita ta sani."

Anti Abigel ta auna maganar. In ta faɗa yadda aka faɗa, an gama, malama za ta ɗauka uwa ta ƙi. Sai ta ce da Turanci, "Ta ce za ta yi tunani." Wannan fassara dai tsakaninta da Mahaliccinta.

A baranda ta tarar da Raudatu tana kuka. "Anti, kin gani? She never says my name. Kowa Maman Ikram yake ce mata, saboda Ikram ce mai papers. Ni ɓoye ni take yi."

Abin ya daki Anti Abigel a ƙirji. Yarinya ta tashi a Bronx, ba wanda ya taɓa gaya mata cewa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane. Ta yi mata bayanin kunya iyakar iyawarta. Raudatu ta share hanci ta ce, "Wane irin so ne wannan?" Anti kanta ma ba ta tabbata ba: kunya ce ta rufe bakin Habsatou, ko tsoro, ko ƙi ne na gaske? Duk ukun fuska ɗaya suke zuwa da ita.

Sai ta yi abin da ta iya. Ta ce za ta taka wa Habsatou zuwa tasha. Daga tasha ta shiga jirgi, daga jirgi sai ga su a Harlem. A hanya ba ta ambaci sunan kowa ba, labarin "wata yarinya" mai ƙoƙari kawai take bayarwa. Sun kusa shagon kitso Habsatou ta tsaya.

"Madam, in ɗiyar nan ta rubuta sunanta wurin gwamnati, ba su zuwa su ɗauke ta? Tun tana goye nike ɓoyon ta, yanzu in miƙa ta da hannuna?"

"Ban sani ba, 'yar'uwa. Mu je mu tambaya."

Ranar Asabar suka tafi neman lauyan da ke duba baƙi kyauta. Suka hau benen da ba shi ba, suka bi layin masu rigimar haya har suka kai gaba kafin a ce musu nan ba nan ba ne. Da suka samu lauyan, ya faɗa musu gaskiya: ƙofar kwaleji a buɗe take, akwai taimakon jiha, amma digiri ba takardar zama ba ne, kuma ba zai rantse musu a kan gobe ba. Suka fito sun fi shigarsu ruɗewa.

"Ke in ɗiyarki ce, mi za ki yi?" in ji Habsatou.

"Da na ji tsoro kamar ke. Amma da na raka ta."

Habsatou dai ta sa hannu a takardar neman kwalejin, inda aka nuna mata. Kwalejin da ta ɗauki Raudatu tana Staten Island, sai an haye ruwa. Ranar farko Anti Abigel ta zo rakiya kamar yadda ta saba, sai ta ga Habsatou a tashar jirgin ruwa da sabon mayafi, matar da ko inifom ɗin mai gadin kanti ta hango sai ta sauya hanya. Har suka sauka a tashar St. George da ke tsallake uwa da 'ya ba su haɗa ido ba.

A ƙofar kwaleji mai gadi ya duba katin Raudatu, ya juyo kan Habsatou ya tambaye ta ita wace ce. Anti Abigel ta matso za ta amsa mata, Habsatou ta riƙe mata hannu, ta dubi mutumin ta ce, "Maman Raudatu."

Yarinyar ta tsaya cak, jaka ta zame daga kafaɗarta. Uwar kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Madam, ki ce ma waccan ta wuce, kada ta makara."

Anti Abigel, ke ce ba ki taɓa yin ƙaryar sani ba a garin da kowa malami ne. Ke ce kika ba da Asabar ɗinki da ƙafafunki masu ciwo ga 'ya'yan da ba ki haifa ba, ba ki tambayi wane ne na masallaci wane ne na coci ba. Mai ludayi, uwar rakiya, mun gode. Allah ya saka miki, ya huce gajiyarki.

Har yau Raudatu ba ta da takarda, kuma ba wanda ya san abin da ke jiran ta bayan digiri. Wannan yana damun mu duka, ba za mu ɓoye ba. Amma kada rashin sani ya zaunar da kowa a gida. In ɗan wani ya tambaye ka, tashi ka taka masa.

Makaranta ta riga ta samu wadda za ta karɓi ludayin. Rakiyar ce ake ta tambayar wa zai gada. A makon jiya an ga Habsatou a tashar jirgin ruwa, riƙe da hannun Nimatu, 'yar wata maƙwabciyarta 'yar Kumasi. Yarinyar na ta jero mata tambayoyi, ita kuwa tana cewa, "Ban sani ba, ɗiyata. Mu tai mu tambaya."