Jirgin Shu'ibu a Hannun 'Yar'azumi

Ma'aikatan banki suna da wata kalmar Turanci da suke faɗa in mutum ya ajiye gidansa a hannunsu ya karɓi rance. Jingina ce, ba wani abu ba. Ka ba da kayanka a riƙe, mai riƙo ya ci moriyarsu, ranar da ka biya ka karɓi abinka. Ba sayarwa ba ce, ba kuma kyauta ba. Ban san wanda ya riƙe wannan da gaske kamar 'Yar'azumi, kakar kakata ba.

Mai awon gero ce a Haɗeja, tun kafin zuwan Turawa. Gajeriya ce, ba ta dariya, ba ta yin gyara bayan awo. Da mijinta ya rasu aka yi mata zancen wani auren, ta ce ɗaya ya isa.

Wata shekara ambaliya ta cinye gonaki. Wani masunci mai suna Shu'ibu ya zo neman gero ba ko wuri a hannunsa. Ya jinginar mata da jirginsa na ruwa, ya ɗauki gero masaki guda, ya ce da kaka zai dawo. Sai yaƙi ya tashi, mutane suka watse. Shu'ibu bai dawo ba.

'Yar'azumi tana tsoron ruwa. Jirgi kuwa ba tabarma ba ne da za a naɗe a jingine a ɗaki. In ya sha rana ya tsage, in aka yi sakaci ya ruɓe. Duk rani sai ta sa a nutsar da shi a gurbin da bai ƙafe ba, duk damina ta nemo mai toshe shi. Ta riƙa ba masunta aro suna kawo mata kifi, kifin bai taɓa kai wahalar gyaran ba. Masu saye suka yi ta zuwa, ta ce musu ba nata ba ne.

Da tsufa ya kama ta, abu ɗaya ya tsaya mata a rai: kada ta mutu da kayan wani a hannu, magada su raba. Sai wani ɗan kasuwa ya ce ya ga Shu'ibu a Auyo. Ta cika masaki da gero, ta sa ɗanta Muhammadu, wanda shi ma ya yi furfura, ya tuƙa ta. Ta zauna a tsakiyar jirgin ido rufe har suka isa.

Suka tarar da Shu'ibu a ƙofar gida yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi.

"Iya! Kina raye?"

"Ina jiran gerona."

"Ba ni da shi. Riƙe jirgin, na bar miki."

"Ban roƙe ka ba. Jingina ka yi."

"To ki yafe mini mana."

"In na yafe, gobe duk masuntan Haɗeja su kawo mini jirage."

Ta kira matarsa Sakinatu, ta miƙa mata masakin da ta zo da shi. "Sadaka ce. Naki ne, ki yi yadda kika ga dama."

"Allah ya saka, Iya. Bari in sa a daka."

'Yar'azumi ta zuba mata ido. Can Sakinatu ta gane, ta tura masakin gaban mijinta, shi kuma ya turo shi gaban tsohuwa. Ta sake auna geron, ta tabbatar ya cika.

"Ka biya. Ga jirginka can a bakin ruwa."

Muhammadu ya yi gyaran murya. "Inna, da me za mu koma? Ruwa ya rufe hanya."

Shu'ibu ya ajiye komarsa, ya miƙe. "Ina yin fito. Amma ba kyauta ba, Iya. Kawo geron nan."

Ta ce ya yi tsada. Ya ce ta nemi wani jirgin. Ta miƙa masa masakin, ta shiga ta zauna, ta ce ya tuƙa a hankali.